Na'urar Tumpale da Ƙafafun Keken Ɗinki

Kai da ka buɗe littafin nan, rufe shi, ba don idonka aka rubuta ba. In kai ne, maigida Baba Tumpale, na san tabarau kake nema, yana kan taga. In ke ce, Tumpale, ba haka na raine ki ba. In kuwa baƙo ne, ka sani mai leƙa tukunyar da ba tasa ba, abin da ya gani shi ke hana shi cin abinci.

Litinin, 5 ga Yuni

Sanyi ya kama Mbeya da wuri. Na wanke fuska da ruwan ɗumi, abin da ba ɗabi'ata ba.

Tumpale ta dawo daga kwalejin fasaha da kwali a ka. Aikinta ne na shekarar ƙarshe, za ta nuna shi gaban malamai uku ranar Juma'a 23 ga wata. Ta roƙi teburin tsohon keken ɗinkina da ke falo, tunda kan keken ya mutu, katako da ƙafafun ƙarfe kawai suka rage. Na ba ta, da sharaɗin kada in ga ƙazanta.

Na tambayi aikin abin. Ta ce shan wuta. A ce masa ya ja wuta amp biyu daga batir, ya ja biyu cif, har batirin ya yi ƙasa. Daga tsawon lokacin a gane ainihin ƙarfin batirin, ba abin da mai sayarwa ya rubuta a jikinsa ba. Na ce wato shekara uku kina makaranta don ki ƙera abin da ke ci ba ya bayarwa. Babanta ya ce daga bayan jarida: "Muna da irinsa a dangi, ƙanena Gwamaka. Shi ko waya ba ya buƙata."

Ban yi dariya ba.

Dole ta zuƙe batirin solar gidan nan awa shida a jere, tana rubuta awo duk minti goma. Ba wannan jadawali, ba jarrabawa. A kwaleji ba a barin ɗalibi ɗaya ya riƙe benci awa shida, don haka sai a gida.

Ina maimaita abin da na faɗa ran Kirsimeti gaban gwaggonta, don kada a ce na manta: in ta faɗi, ba maimaici. Za ta tafi Tukuyu ta riƙe wa gwaggon shago, ta koyi zama cikin mutane maimakon cikin wayoyi. Ban taɓa janye magana a gidan nan ba.

Talata, 6 ga Yuni

Ta gwada minti arba'in, mita ta tsaya a biyu ba motsi. Ta yi ta yawo a gida tana waƙa. Na ce mata ba a yabon tuwo tun yana kan wuta.

Batirin yana ƙarƙashin tebur. Wayoyi biyu ne suka haɗa shi da na'urar, ja da baƙa, kowace ta kai taku shida. Aro ne daga ma'ajin kwaleji, ba a yankewa. Ga su zube a ƙasa kamar hanjin akuya. Jibi zumuntar mata a gidana take.

Laraba, 7 ga Yuni

Tana fita na gyara. Na cire maƙallan daga batir, na naɗe ja a ƙafar keke ta dama, baƙa a ta hagu, zagaye kusa da zagaye, na ɗaure da yankin tsumma, na mayar da kowace inda take. Ja a kan alamar tarawa. Na yi kimiyya har aji huɗu, ba sai an gaya mini ba. Na shimfiɗa zanen kanga a tebur ya sauka har ƙasa, na dawo da kayanta bisa. Bakin wayoyin kawai ke leƙowa ta baya. Yanzu falo ya zama falo.

Wake ya yi tsada a kasuwar Mwanjelwa, kuma rabinsa tsakuwa.

Ƙarfe huɗu na kunna rediyo don sanarwar rasuwa, sai wani kuka siriri kamar sauro a kunne. An ambaci wani daga Kyela ban ji sunan ba. Rediyon ya tsufa, shekara goma sha tara.

Na'urar Tumpale ta ƙona wani abu. Wari kamar gashi a wuta. Ta ce mosfet, baƙi ne mai ƙafa uku da aka ɗaure a jikin farin ƙarfe mai haƙora don ya sha iska. Uku ta saya, saura biyu. Na ce gaggawa ce. Yarinyar da ba ta jiran shayi ya huce.

Alhamis, 8 ga Yuni

Mata goma sha huɗu suka zo. Mama Lusajo ta ce ko a asibiti ba ta ga ƙasa mai tsabta haka ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ta sa sabon mosfet ta kai na'urar kwaleji. Ta ce sun ɗora ta a kan injin da ke zana wuta a gilashi, layi ya fito miƙe sambal. Awa guda ba zafi. Malam Mwambene, mai duba aikinta, ya ce mata: "Likita ba ya maganin mai lafiya. Koma gida ki kawo mini ciwon."

Ya kuma ce ta riƙa canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ta rubuta abin da ya biyo baya. Wannan malamin yana da tarbiyya. Abin da nake faɗa a gidan nan ke nan tun ba a haife ta ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Ranar wankin ƙasa. Na warware wayoyin don tsintsiya ta shiga ƙarƙashin tebur, na tura su gefen batir su jira siminti ya bushe, na saki zanen, na tafi kasuwa.

Na dawo na tarar ta canza op-amp. Ɗan ƙaramin abu ne kamar kyankyaso mai ƙafa takwas. Babanta ya sa ta yi masa bayani, ni ina tsintar shinkafa. Ta ce shi ne mai gadi: ido ɗaya a kan abin da aka umarta, ɗaya a kan abin da ke wucewa. In wuta ta yi kaɗan ya sa mosfet ya buɗe ƙofa, in ta yi yawa ya sa ya tura ta.

"To ai mamarki ce," in ji shi. "Ni ne ƙofar."

Awa biyu tana aiki lafiya. Ta tsayar don batir bai cika ba, an yi gajimare kwana biyu. Ta rubuta a littafinta: op-amp ne. Ta ja layi biyu a ƙasa.

Na ji sanarwar rasuwa tar. Ashe mutumin Kyela tsohon direban jirgin ruwa ne, ban san shi ba.

Da ta tafi koyon waƙa a coci na mayar da wayoyin yadda ya kamata.

Lahadi, 11 ga Yuni

Wa'azi a kan bawan da ya binne abin da aka ba shi amana. Tumpale ta sa siket ba tare da na yi magana ba.

Litinin, 12 ga Yuni

Yau ta ɗauki ranar awa shidan. Ta zauna ƙarfe goma da agogo da biro. Minti ashirin, wari.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire abin da ya ƙone ta ajiye kusa da ɗan'uwansa a murfin kwalba. Saura ɗaya. Ta buga wa mai shagon da ke Kariakoo a Dar es Salaam, ya ce irin wannan ya ƙare, sai ƙarshen wata. A Mbeya babu.

Na so jin shirin lafiya da safe, rediyon na ta wannan kukan. Na kashe.

Talata, 13 ga Yuni

Na gaya mata ra'ayina a kan abincin rana. Aikin da aka fara ba addu'a, aka ci gaba da girman kai, ƙarshensa hayaƙi. Ta ce, "Na ji, Mama." Ta ci gaba da juya tuwon ugali a kwano ba ta kai baki ba.

Yini guda tana bin ƙafafun op-amp da tsinken mita, ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Ta sake narka dalma a kowane haɗi. Ta auna ɗan farin abin da wuta ke bi ta kansa a san yawanta, ta ce daidai yake. Yanzu ba ta barin na'urar a kunne fiye da ƙidaya goma, yatsa a kan ƙarfen. Da ya fara zafi ta kashe.

Babanta ya ce ta kai wa fasto ya ɗora hannu. Ta ce, "Baba, zai ƙone." Su biyu suka yi dariya. A gidan nan komai abin dariya ne.

Alhamis, 15 ga Yuni

Jiya ma ta kai kwaleji, can lafiya lau. Malam ya ba ta wani ɗan abu ta ƙara tsakanin op-amp da mosfet. A gida zafin ya ragu kaɗan, bai tafi ba.

Ta tsaya tsakiyar falo tana magana ita kaɗai. "Me ke gida da babu a can? Batir. Sanyi. Sola." Ta cire wayar sola daga bango, ta gwada. Haka. Ta kai na'urar rana ta ɗumama, ta gwada. Haka. Ta auna batir daga bakin wayoyin da ke bisa tebur, ya cika. Ba ta ɗaga zanen ba. Yarinyar da ba ta shara, me zai kai ta ƙarƙashin tebur.

Ƙarfe huɗu ina sauraron sanarwa, ita tana ƙidayarta. Ta danna, rediyo ya yi kuka. Ta kai goma ta kashe, ya yi shiru. Ta sake, ya sake. Sau huɗu. Ita hankalinta na kan mita.

Ban gaya mata ba. Ba a magana kan abin da ba a tabbatar ba.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na koma baya a littafin nan.

Ran 6, wayoyi a zube, na'ura lafiya. Ran 7 na naɗe, rediyo ya yi kuka, ta ƙone. Ran 10 na warware, awa biyu lafiya, rediyo tar. Na sake naɗewa. Ran 12, kuka da wari.

A makaranta mun taɓa naɗa waya a jikin ƙusa ta ɗauki allura. Na tuna malamin, mai ɗingishi. Ban ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba. Waya waya ce, a miƙe ko a naɗe. Kuma na mayar da ja a kan ja.

Na rufe littafin na dafa ayaba da nama.

Asabar, 17 ga Yuni

Ban wanke ƙarƙashin tebur ba. Bayana ke ciwo.

Gwaggonta ta bugo daga Tukuyu. Ta ce ta sa an share ɗakin baya, ta sayi bargo. "Mama Tumpale, kada ki sa wa ranki damuwa. Wata uku a hannuna za ki ga mace." Na ce sai yadda Ubangiji ya yi.

Abin da nake so ke nan tun tana aji biyu ta fara kwance fitilun mutane. Ba sai na yi komai ba. Kwana shida ne kawai. Ba ƙarya zan yi ba, ba wanda ya tambaye ni.

In na warware wayoyin a ɓoye kuma, abin ya yi aiki, ta je gaban malamai ba ta san dalili ba. Su tambaye ta me ya faru, ta ce op-amp.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ban riƙe komai daga wa'azin yau ba.

Litinin, 19 ga Yuni

Da hantsi ta zo ƙofar kicin ta durƙusa. Ta ce, "Mama, ina babbar jakar nan mai shuɗi? Gara in fara wanke kayana tun akwai rana." Ba fushi a muryarta. Da ta yi fushi da na san abin faɗa.

Na ce jaka tana inda take. Na ce ta ɗauko rediyo ta biyo ni falo.

"Kunna abin naki." Ta kunna, kuka. "Kashe." Shiru. Ta dube ni, ta dubi rediyo, ta sake yi sau biyu da kanta.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun bakwai ga wata."

"Me ya faru bakwai ga wata?"

Na ce ta ɗaga zanen.

Ta daɗe a durƙushe, kanta ƙarƙashin tebur. Na ji tana ƙirga zagayen a hankali. Ashirin da uku a dama, ashirin da uku a hagu. Ba na aikin ganin dama. Da ta fito fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Ran Asabar ɗin da ta yi aiki fa?"

"Ranar wankin ƙasa ce."

Ta zauna a siminti, a wannan sanyin. Ta ce, "Na ja layi biyu a ƙarƙashin op-amp." Na ce shi ya sa ake cewa kada a yi saurin yanke hukunci, wanda ba shi da laifi ya sha jifa.

Babanta ya shigo daga lambu ya ga zanen a ɗage. Ya duba, ya gyara tabarau, ya ce, "Kai, wannan naɗi. Ko a masana'anta sai haka. Mama Tumpale, ashe injiniya biyu nake ciyarwa." Na ce ya je ya wanke ƙafa.

Ba ta warware duka lokaci guda ba. Ta warware ja, ta kunna, kukan ya canza murya, ta rubuta. Ta warware baƙa, ya ragu sosai, ta rubuta. Ta murɗe su biyun tare kamar igiya, daga batir har tebur. Ta kunna. Mai karanta labarai kawai ake ji. Ta bar yatsa a ƙarfen har ƙidaya ɗari.

Ta yi wa babanta bayani, ba ni ba, amma da ƙarfi. Wayar da aka naɗe a ƙarfe ba ta son wuta ta canza da sauri, tana ja da baya. Mai gadi ya ce a ƙara, amsa ta makara, ya ƙara buɗewa, sai ta zo da yawa, ya rufe, ta makara kuma. Buɗe, rufe, sau dubu ɗaruruwa kafin a kifta ido. Mita ba ta iya binsa, rediyo yana ji. A kwaleji wayoyin benci gajeru ne.

Daga baya ta ce, "Na'urar kirki bai kamata naɗin waya ya kashe ta ba. Rauninta ne, da ma yana nan." Na ce haka ne. Na ce gara da ya fito a gida.

Na yanka kaza. Da ma ta daina ƙwai.

Talata, 20 ga Yuni

Awa shida, daga tara zuwa uku. Awo talatin da bakwai. Ni na riƙe agogo ina kiran lokaci, don yarinyar ba ta da lissafin lokaci, ko shinkafa ta ɗora sai ta kama. Ƙarfen ya yi ɗumi kamar kofin shayi, bai wuce haka ba.

Batirinmu da aka rubuta ɗari a jikinsa, ta ce da ƙyar ya kai saba'in. Babanta ne ya sayo. Na ajiye maganar zuwa lokacinta.

Alhamis, 22 ga Yuni

Jiya ta kai wa Malam Mwambene ciwon da ya nema. Ta dawo da ƙananan abubuwa uku, biyu ta haɗa a bakin shigar wuta, ɗaya a jikin op-amp, ta ce don mai gadi ya rage gaggawa.

Yau ta zo da guntun bututun ƙarfe biyu. "Mama, ki naɗe mini kamar yadda kika yi. Ni na gwada, ba ya fita daidai."

Na ce ba ya fita ne don ba ta da haƙuri. Na zauna na naɗe, ashirin da uku, ashirin da uku. Ta haɗa. Mosfet ɗaya ne ya rage a duniya kuma jarrabawa gobe, na ce mata wannan ganganci ne. Ta ce in ba ta gwada ba, ba ta gyara ba, ta ɓoye ne kawai.

Ta kunna. Ni ke riƙe da rediyo. Ana tallan takin zamani, na ji kowace kalma.

Ta nemi aron rediyon zuwa gobe. Za ta cire gyaran na ƙidaya biyar malamai su ji kukan, ta mayar su ji shiru. Shekara goma sha tara bai taɓa fita gidan nan ba. Na naɗe shi a tawul.

Juma'a, 23 ga Yuni

Gida ba rediyo. Na goge tagogi, na sake gogewa. Ƙarfe huɗu ta wuce ban san wanda ya mutu ba.

Biyar saura ta shigo, kwali a ka, rediyo a hammata. Ta gaishe ni, ta ajiye shi a mazauninsa, ta ninke tawul. Sannan ta ce ta ci jarrabawa. Ta ce tsohon cikin malaman ya sa ta maimaita abin rediyon sau uku, ya tambayi wanda ya yi naɗin.

"Kika ce wa?"

"Na ce wani ne a gida."

Babanta ya ce, "To ni dai ko igiyar takalmi ba na ɗaurewa daidai, kowa ya sani."

Na ce abinci na hucewa.

Asabar, 24 ga Yuni

Na buga wa gwaggonta. Na ce sharaɗin in ta faɗi ne, ba ta faɗi ba, don haka ba maganar da aka janye. Ta tambayi bargon fa. Na ce Tukuyu ma ana sanyi.

Tumpale ta ce masu shagon sola biyu a Mwanjelwa suna so ta riƙa auna musu batura. Teburin zai daɗe a falo ke nan. Na cire zanen na wanke, ban mayar ba. Yana tara ƙura. Na wanke ƙasa na tsaya taku ɗaya kafin ƙafar keke. Wayoyin na nan a murɗe, ba kyan gani. Zumuntar wata mai zuwa a gidan Mama Lusajo take.

A kan abincin rana na kafa doka, na kalli babanta lokacin da nake faɗa, tunda shi ne mai taɓe-taɓe. Daga yau, duk abin da aka tarar a warwatse a gidan nan, sai an tambayi mai shi kafin a gyara. Ya ce, "Har da wa da wa?" Na ce doka ba ta da har da wa.